Minti goma kafin a ɗaga shebur: Abin da aikin gwamnati ke buƙata a Turakin Jalingo

Duk wanda ya taɓa raka mai gidansa bikin ƙaddamar da aikin mazaɓa ya san tsarin ranar: rumfa, kujeru, maroƙa, sai babban baƙo ya ɗora hular kwano a kan hularsa, ya ɗebi ƙasa da sabon shebur, a ɗauki hoto. Washegari hular ta koma bayan mota, ayari ya kama hanyar Abuja. A ranar ne aikin gaske ke farawa, kuma galibi babu ko mutum ɗaya daga ofishin da ya bayar da kwangilar.

Ɗauki Turaki misali. Mazaɓu biyu ne ke ɗauke da wannan suna, Turaki A da Turaki B, cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Jalingo. Garin ya zama babban birni a 1991, lokacin da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, kuma tun daga nan jama'a ke ƙaruwa fiye da yadda magudanun ruwa ke ƙaruwa. Mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai ta ci rayuka ba. Shi ya sa kwalbati da magudana ke sahun gaba a abin da unguwanni ke roƙo, kuma irin aikin da ake raina haɗarinsa ke nan, don ba bene ba ne.

Rami kuwa ba ya buƙatar zurfi mai yawa kafin ya kashe mutum. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana kai nauyin tan ɗaya da rabi. Idan gefen rami ya zabge a kan lebura da ke sunkuye, ko da kansa na waje, nauyin da ke kan ƙirjinsa ya isa ya hana shi numfashi. A Amurka doka ta wajabta tokare gefen rami ko kwantar da shi da zarar ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. A Jalingo, inda damina ke kaiwa har Oktoba, ramin da aka bari lafiya da yamma yana iya kwana yana shan ruwa. Wajibi ne wani ya duba shi da ido kafin kowa ya sauka.

Wannan dubawar ita ce farkon taron safe, wanda manyan kamfanonin gine-gine suka daɗe da mayar da shi al'ada. Foman ya tara kowa, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da masu ɗaukar kwanon sarki, ya faɗi aikin yau kaɗai: daga ina zuwa ina za a haƙa, wa zai shiga rami, wa zai tsaya a sama yana lura, ina tifa za ta juye yashi, wa zai tsayar da masu Keke idan tana ja da baya. Sai a kira suna. Leburan yini kan zo yau ya ɓace gobe, kuma idan wani abu ya rufta, tambayar farko ita ce mutum nawa ne a ƙasa. Foman da ba shi da takardar sunaye ba zai iya amsawa ba.

Akwai batun harshe, wanda takardun Abuja ba su cika tunawa da shi ba. A wurin aiki ɗaya a Jalingo za ka iya samun mai jin Fulatanci, da Mumuye, da Kona, da wanda ya zo ci-rani daga Arewa maso Yamma. Hausa ce ta haɗa yawancinsu, amma gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Foman mai hankali yakan sa sabon zuwa ya maimaita abin da aka ce da bakinsa. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan sun daɗe da irin wannan dabara, suna nuna abu da yatsa suna faɗin sunansa da ƙarfi, don ido da baki su tashi hankali daga barci.

Sauran shirin na unguwa ne. A gai da mai unguwa tun kafin a sauke kaya, domin shi zai faɗa wa iyaye su tsare yara, kuma dattawan layin sun fi kowace taswira sanin inda bututun ruwa ya bi. A ɗaga kai a dubi wayoyin lantarki kafin a miƙe rodi ko tsanin ƙarfe; idan sun yi kusa, a nemi kamfanin rarraba wuta na Yola, wanda Taraba ke ƙarƙashinsa, ya ɗauke wutar layin. A tanadi ruwan sha da inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ɗanyen siminti yana cin fata, don haka takalmin roba da safar hannu ba kwalliya ba ne. A kuma san motar da za ta kai wanda ya ji rauni Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, da wanda ke riƙe da makullinta.

Ina ma'aikacin tarayya ya shigo? Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun NSITF, kuma shaidar biyan na cikin takardun da ake nema wurin mai neman kwangilar tarayya. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, da ta 187 a 2022. Takarda dai ba mu rasa ba. Matsalar ita ce shaidar na kwance a fayil a Abuja, shi kuwa wanda ke cikin rami, ɗan kwangila na biyu ko na uku ne ya ɗauko shi daga bakin titi da asuba, ba tare da ya rubuta sunansa ba. Ko a benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe sama da mutum 40, an sha wahala kafin a san adadin waɗanda ke ciki.

A ganina, hadimi ko jami'in sa ido da aka tura duba aiki a Turaki ya fi amfani idan ya isa da ƙarfe bakwai na safe ba tare da sanarwa ba, maimakon sha biyun rana da rakiya. Ya nemi takardar sunayen ranar, ya ƙirga kawuna. Ya ja lebura ɗaya gefe, nesa da foman, ya tambaye shi abin da aka faɗa masa yau da safe da kuma wanda zai kira idan ƙasa ta motsa. Amsar da ya samu ya rubuta ta a rahotonsa, kafin a sa hannu kan biyan kashi na gaba.