Zumuncin Aji: Misali Daga Kwalejin Barewa

A al'adar Bahaushe, zumunci iri biyu aka fi sani: na jini da na zaman tare. Ilmin boko ya zo da na uku, wato na 'yan makaranta ɗaya. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina cikin 1921, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949.

Tushen ƙarfinsa shi ne tankaɗe da rairaya, domin a da yara ƙalilan ake ɗauka daga kowane lardi. Yaron da ya fito daga ƙauyukan dajin Birnin Gwari, alal misali, sai ya haɗu da ɗan sarki, kwana ɗaki guda, horo iri guda. Kowane ɗalibi kuwa akan ba shi lamba bisa jerin shigowa, kuma ba ya rabuwa da ita ko bayan ranar sallama. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne mai lamba 145, Yakubu Gawon kuwa 783. Da lambar ne tsofaffin ɗalibai ke gane wa da ƙane, tamkar 'yan gida ɗaya.

Sai dai zumuncin nan yana da iyaka. Gawon da Murtala Muhammad duk Barewa ce ta yaye su, amma juyin mulkin 1975 ya sauke wan ya ɗora ƙanen. Ashe makaranta sanayya take ƙullawa. Ɗorewarta kuwa sai abin da zamani da hali suka yi.