Golf na faifai

Golf na faifai wasa ne da ake jifa da faifan roba daga wata tsayayyar matsaya zuwa cikin kwandon ƙarfe da aka kafa a nesa. Dokokinsa sun yi kama da na golf na sanda da ƙwallo: wanda ya kammala zagaye da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Yawancin filayen wasan suna cikin wuraren shaƙatawa na jama'a, kuma galibinsu kyauta ake shiga. Wannan ne ya sa wasan ya yaɗu, shi ne kuma yake jawo taƙaddama tsakanin 'yan wasa da sauran masu amfani da wurin.

Tarihi

An ruwaito cewa a shekarun 1920 wasu 'yan makaranta a garin Bladworth na ƙasar Kanada sun riƙa jifan bishiyoyi da turakan shinge da murfin gwangwani. Amma wasan na zamani ya samo asali ne daga jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan kamfanin Wham-O ya yaɗa faifan roba mai suna Frisbee.

Ed Headrick, wanda ya yi aiki da kamfanin, shi ake kira uban wasan. A 1975 ya tsara fili na farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke kusa da birnin Pasadena, inda ake jifan sandunan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. A 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan da ake kira PDGA, a 1977 kuma ya samu rajistar mallakar kwando mai sarƙoƙi, wanda ya magance gardamar ko faifai ya taɓa sanda ko bai taɓa ba. An yi gasar duniya ta farko ta PDGA a 1982 a Los Angeles. Headrick ya rasu a 2002.

A Turai, ƙasar Finland ce wasan ya fi kafuwa. An buɗe filinta na farko a unguwar Meilahti ta birnin Helsinki a 1983, kuma yau tana cikin ƙasashen da suka fi yawan filaye bayan Amurka. Wasan ya samu ƙaruwar mabiya lokacin annobar korona a 2020, saboda a waje ake yinsa ba tare da cunkoso ba. Zuwa 2024 filayen da aka yi wa rajista a duniya sun haura 15,000. A Afirka akwai filaye a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Habasha da Yuganda.

Yadda ake wasan

Fili yakan ƙunshi zango 9 ko 18. Kowane zango yana da matsayar jifa da kwandonsa. Ɗan wasa zai yi jifan farko daga matsaya, sannan ya ci gaba daga inda faifan ya faɗi har sai ya shiga kwando. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa. Idan faifai ya fita iyaka, kamar ya faɗa ruwa ko kan titi, ana ƙara wa mai shi jifa ɗaya a lissafi. Idan tazara ba ta wuce mita 10 daga kwando ba, ba a yarda mutum ya taka gaban wurin tsayuwarsa ba sai ya nuna ya daidaita a kan ƙafafunsa.

Kayan wasa

A ƙa'idar PDGA faɗin faifai ba ya gaza santimita 21, nauyinsa kuma ba ya wuce giram 200. Akwai mai kaifin baki na dogon jifa, da matsakaici, da mai kaurin baki na jefawa cikin kwando. Kwandon sanda ce ta ƙarfe, da sarƙoƙi rataye daga sama, da mazubi a ƙasansu. Sarƙoƙin ne ke kashe gudun faifai ya faɗa ciki.

Kafa fili a wurin shaƙatawa

Ana fara aikin da neman izinin hukumar da ke da wurin. Sau da yawa ƙungiyar 'yan wasa ce ke kawo shawarar, ta tara kuɗin kwanduna, ta kuma ɗauki alkawarin shara da gyara.

Girman ƙasar da ake buƙata ya danganta da tsawon zanguna da yawan bishiyoyi, amma ana yawan ƙiyasta kusan eka ɗaya ga kowane zango. Ba a buƙatar ciyawa mai shan ban ruwa kamar a golf na ƙwallo. Tudu, kwari da bishiyoyi ma ƙara wa wasan armashi suke yi, shi ya sa ake zaɓar ɓangaren da bai dace da ƙwallon ƙafa ba. Abin da ake kashe wa kuɗi shi ne kwanduna, daɓen siminti na matsaya, da allunan da ke nuna hanya.

Babbar ƙa'idar tsari ita ce kare lafiyar mutane. Faifan dogon jifa yana da tauri, yana iya fasa baki ko ya lahanta ido. Don haka ba a barin hanyar jifa ta ratsa hanyar masu tafiya, wurin wasan yara, wurin zama ko inda ake ajiye motoci. Ba a kuma ɓoye kwando a bayan tudun da mai jifa ba zai ga wanda ke wucewa ba.

Taƙaddama

Masu goyon baya suna cewa wasan ba shi da tsada, yaro da dattijo duk suna iya yinsa, kuma yawan zirga-zirga a ɓangaren da aka yi watsi da shi yana rage ɓata-gari. Masu adawa kuma suna kawo hujjar cewa faifai yana saɓule ɓawon bishiya, yawan taku yana danne ƙasa ya jawo zaizaya, kuma wasa ɗaya yana mamaye wurin da na kowa ne. A birnin San Francisco an gwada fili a lambun Golden Gate na wani lokaci kafin a tabbatar da shi a 2007, amma shirin kafa wani a lambun McLaren na birnin ya gamu da turjiyar mazauna unguwa. Daga cikin hanyoyin sasantawa akwai gwaji na wucin gadi, naɗe gindin bishiyoyi da kariya, da sauya wa kwando wuri lokaci-lokaci domin ƙasa ta huta.

A yanayin arewacin Najeriya

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Saboda haka a garuruwa irin su Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi na Jihar Zamfara, waɗanda kowannensu hedikwatar ƙaramar hukuma ne, duk wani sabon filin wasa yana ratsawa ta waɗannan hukumomi, tare da sanin masarauta.

A irin waɗannan garuruwa fili ɗaya kan yi aiki da yawa. Filin makaranta ko na Idi yana iya zama wurin ƙwallo da yamma, dandalin dambe ko kokawa bayan girbi, kuma hanyar dabbobi zuwa kiwo. Wasan da ke buƙatar eka tara ko fiye zai yi gogayya da duk waɗannan. Iskar hunturu tana karkatar da faifai, ciyawar damina tana ɓoye shi, ƙarfen da aka bari a fili ba mai gadi kuma yana cikin haɗarin sata. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin ta sa filayen bayan gari, waɗanda su ne suka fi dacewa da wasan, ba su da tabbacin tsaro. Wurare masu katanga, kamar harabar makarantun kwana da manyan makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, su ne suka fi kusa da cika sharuɗɗan fili.