Tantanin da Ke Tsakiyar Batir

A watan Satumbar 2016 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya nemi a dawo masa da wayoyin Galaxy Note 7 kusan miliyan biyu da rabi, saboda wasu na kamawa da wuta. Aka sauya su da wasu masu sabon batir, wutar ba ta daina ba, kafin Oktoba ya ƙare an dakatar da ƙera wayar kwata-kwata. Sakamakon binciken da aka fitar a Janairun 2017 ya nuna cewa batirin farko an matse shi ne har kusurwarsa ta lanƙwashe, na biyu kuwa wani ɗan tsinin walda ne ya yi huda a ciki. Ƙarshen labarin dai ɗaya ne: ɓangarori biyu da bai kamata su taɓa juna ba sun haɗu.

Abin da ke hana su haɗuwa wani tantani ne fari. Duk mai gyaran wayar da ya taɓa ɓare mataccen batir ya gan shi a naɗe tsakanin fallen jan ƙarfe da na alminiyam. Da robar polietilin ake yin sa, dangin wadda ake yin leda da ita, ko kuma 'yar'uwarta polifirofilin. Kaurinsa bai cika wuce maikuron 25 ba, wato bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Jikinsa cike yake da ƙofofin da ido ba ya gani, waɗanda ruwan batir ke jiƙawa. Ta nan ƙwayoyin litiyam masu caji ke kai da komo, su tafi wannan ɓangare idan ana caji, su dawo idan ana amfani da wayar.

Yana da wata dabara ta kare kai. Idan zafi ya kai wajen digiri 130, polietilin ya narke ya toshe ƙofofin, batir ya mutu maimakon ya kama da wuta. Shi ya sa kamfanin Celgard na Amurka ke yin mai falle uku, mai saurin narkewar a tsakiya, masu jure zafi a gefe da gefe.

Matsalarsa ita ce ba ya zaɓe. Ƙofofin sun fi ƙwayar litiyam girma nesa ba kusa ba, don haka duk abin da ya narke a ruwan batir wucewa yake yi. A batiran da ke da manganis, misali, ƙarfen kan ɗan narke ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya lalata shi, batir ya riƙa rage riƙe caji a hankali.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne batirin litiyam da farar wuta. A lissafin takarda, wannan haɗi zai iya ajiye wuta ninkin-ba-ninkin abin da batirin yau ke ajiyewa a nauyi ɗaya, ga shi farar wuta na da araha, tun da matatun mai na fitar da ita tuli-tuli. Amma da batir ya fara aiki, farar wutar kan koma wasu sinadarai da ke narkewa, su ratsa tantani, su isa ga litiyam su cinye shi, wasu su dawo, su sake komawa. Batir ya yi ta cin kansa ko da a ajiye yake.

Daga nan ne masana suka ce a mayar da tantanin rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Hanyoyi biyu suka fi shahara.

Ta farko caji take amfani da shi. Ƙwayar litiyam cajinta fositif ne, narkakkiyar farar wuta kuwa negetif. A 2014 masu bincike a Jami'ar Tsinghua da ke Beijin suka shafa wa tantani na yau da kullum Nafion, wata roba da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro tun shekarun 1960, wadda jikinta ke ɗauke da cajin negetif. Sai ta riƙa korar mai irin cajinta, tana buɗe wa litiyam hanya.

Ta biyu girman ƙofa take dubawa. A 2016 ayarin Haoshen Zhou a Japan ya wallafa a mujallar Nature Energy sakamakon wani tantani da aka yi da sinadarin MOF, wanda ƙofofinsa ba su kai nanomita ɗaya ba, kuma duk girmansu ɗaya. Batirin gwajin ya jure caji da saukewa sau 1,500 yana rasa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowane zagaye. Irin waɗannan sinadarai ne suka jawo wa Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2025.

To me ya hana a gan su a kasuwa? Na farko, iya matse ƙofa iya wahalar da litiyam ɗin kansa zai sha wajen wucewa, caji ya ɗauki lokaci, batir ya yi zafi. Kowane shafi da aka ƙara kuma nauyi ne da ba ya ajiye wuta. Sannan ga kuɗi: Nafion na da tsada, kuma yawancin gwaje-gwajen nan a batir mai girman kwabo ake yin su, da ruwan batir fiye da yadda masana'anta za ta iya zubawa. Kamfanin Oxis Energy na Ingila, wanda ya daɗe yana fafutukar kai batirin farar wuta kasuwa, ya durƙushe a 2021.

Wannan ne ya sa wasu, irin su Sepion Technologies da ya tsiro daga ɗakin binciken Berkeley a Kalifoniya, suka zaɓi su shafa siririn fenti mai tacewa a kan tantanin da masana'antu suka riga suka saba da shi, don kada a sauya injina. Da alama sun fi kusa da gaskiyar kasuwa, domin motar lantarki ɗaya kan lashe ɗaruruwan murabba'in mita na tantani, kuma huda guda a cikinsu ta isa ta tayar da gobara.