Yaushe Za Ka Ce Tauraron Ɗan Wasa Ya Fito a FPL?

Idan kana buga Fantasy Premier League, wato FPL, ka san yadda lissafin yake: fam miliyan 100 na cikin wasa, 'yan wasa 15, kuma makinka ya dogara da abin da suka yi a fili. Kuɗin ba za su isa ka sayi manya zalla ba. Shi ya sa kowa ke farautar mai araha wanda tauraronsa zai fito a bana. To ta yaya za ka gane shi?

Ma'auni na farko shi ne ka gwada shi da kansa na baya. Riyad Mahrez ya ci ƙwallo 4 a Firimiya a kakar 2014/15. A kakar 2015/16 ya ci 17, Leicester ta ɗauki kofi, alhali farashinsa ya fara ne daga fam miliyan 5.5. Idan wanda ya saba cin 20 ya sake cin 20, wannan aikinsa ne na kullum.

Na biyu, ka tambayi kanka me ya canja. Cole Palmer ya daɗe yana ɗumama benci a Manchester City. Da ya koma Chelsea a 2023, sai ya zama ana farawa da shi, kuma aka ba shi bugun fenariti. Ya gama kakar da ƙwallo 22, guda 9 daga ciki na fenariti. Ka ga akwai dalilin da ido ke gani: ƙarin mintuna da sabon matsayi. A FPL kuwa ƙwallon ɗan wasan tsakiya maki 5 ce, ta ɗan gaba 4.

Na uku shi ne inda mutane da yawa ke faɗawa rami: sa'a. Masu nazarin alƙaluma suna amfani da ma'aunin xG, wanda ke kimanta yiwuwar kowane hari ya shiga raga, bisa nisa da kusurwa da irin harin. Fenariti misali, kusan 3 cikin 4 ne ke shiga. Idan ɗan wasa yana cin ƙwallaye fiye da xG ɗinsa nesa ba kusa ba cikin 'yan wasanni, galibi zai sauko. A ilimin ƙididdiga ana kiran wannan komawa ga matsakaici. Papiss Cissé ya zo Newcastle a Janairun 2012, ya ci 13 a wasa 14. A kakar da ta biyo, 8 kawai ya ci a wasa 36. Wanda ya saye shi da tsammanin zai ci gaba da ƙwallo kusan kowane mako, ya sha takaici.

Saboda haka kafin ka ɓarar da maki 4 wajen ƙarin canji don wani ya ci biyu ranar Asabar, duba abu uku. Yana buga minti 60 ko fiye kowane mako? Koci ya matso da shi kusa da raga, ko ya ba shi fenariti? Damarmakin da yake samu sun ƙaru, ko dai ƙwallayen ne kawai suka yi ta shiga? Idan amsoshin sun gamsar da kai, saye shi tun farashinsa bai tashi ba. Idan ƙwallayen ne kaɗai hujjarka, ka ƙara masa mako biyu ko uku ka gani.