Tafiyar Labari da Salon Zane a Fim ɗin Kirikou da Mayya

A shekarar 1998 aka saki fim ɗin zane mai motsi na Kirikou et la Sorcière, wanda Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gini, ya tsara, Youssou N'Dour kuma ya yi masa kiɗa. Ga manazarcin adabin baka, abin lura shi ne yadda fim ɗin ya ari zubin tatsuniya, sannan ya saɓa mata a wuri guda mai muhimmanci.

Kashin farko yana tafiya ne daki-daki. Kirikou ya yi magana tun yana ciki, ya haifi kansa, ya tarar da ƙauyen da maɓuɓɓugarsa ta ƙafe, mazansa kuma an ce mayya Karaba ta cinye su. Ya ceci yara daga kwalekwalenta, ya sake cetonsu daga bishiyarta, ya kashe halittar da ke shanye ruwan. Galibi bayan kowace bajinta sai a yi masa waƙa, sai kuma a koma raina shi. Wannan maimaici ba baƙo ba ne ga wanda ya san tatsuniyoyin Auta, inda ƙaramin da aka raina yake fitar da jama'a kunya.

Inda aka rabu shi ne tambayar da yaron ya nace a kanta: dalilin muguntar Karaba. A tatsuniya ba a cika tambayar Dodo dalilinsa ba, kashe shi ake yi. A nan kuwa, kakan Kirikou ya bayyana cewa wasu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, kuma ba ta ci kowa ba, gumaka ta mayar da su. Saboda wannan amsa ce labarin ya rage gudu a tsakiyarsa, musamman a doguwar tafiyar ƙarƙashin ƙasa, kuma jinkirin ya yi amfani, domin ya ba mai kallo damar sauya tunani.

Zanen ma ya bi jigon. Ana yawan nuna mutane ta gefe, kamar a zanen tsohuwar Masar, tsirrai kuma an ƙawata su da salon Henri Rousseau. Ƙauyen ruwan ƙasa ne, daji kore shar, kewayen bukkar Karaba kuwa toka-toka, ko ciyawa babu.

Raunin yana ƙarshe. Da Kirikou ya cire ƙayar da haƙoransa, cikin 'yan mintoci ya nemi aurenta, ya girma, mazan suka dawo. Fim ɗin da ya ɓata lokaci wajen gano ciwon Karaba bai tsaya ya nuna yadda matan da ta ƙwace wa zinari za su zauna da ita ba.