Bushewar Ido da Baki: Abin da Na'urar Sikanin ke Iya Ganowa

A garin Gombe, inda hunturu kan zo da ƙura tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, ba kasafai ake kai ƙorafin bushewar baki da ƙaiƙayin ido gaban likita ba, domin kowa yanayi yake ɗora wa laifi. Sai dai akwai waɗanda damina kan faɗi ta wuce ba su samu sauƙi ba, suna jin idanunsu kamar an zuba yashi, ba sa iya haɗiye tuwo sai da kurɓin ruwa, haƙoransu kuma na ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ake samun masu cutar Sjögren, wadda ta ci sunan Henrik Sjögren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi cikakken bayaninta a 1933. Asalinta shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ta juya kan maɓuɓɓugan hawaye da na yawu tana lalata su a hankali, kuma kusan tara cikin goma na masu fama da ita mata ne, akasari waɗanda suka haura shekara 40.

Hanyoyin da aka saba bi wajen tabbatar da ita sun haɗa da gwajin Schirmer, inda ake maƙala siririyar takarda a fatar ido tsawon minti 5 don auna hawaye, da gwajin jini mai tsada, da kuma yanko ɗan nama daga cikin leɓe a duba shi a ɗakin gwaji, abin da marasa lafiya da yawa ke gudu. A nan ne na'urar sikanin, wadda mata suka sani a wajen awon ciki, take da amfani. Ana shafa mai a gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi, wato inda manyan maɓuɓɓugan yawu suke, sannan a ɗora kan na'urar, irin wanda ake duba maƙoƙo da shi, sautin da kunne ba ya ji ya shiga nama ya dawo da hoto. Lafiyayyar maɓuɓɓuga takan fito sumul da haske bai ɗaya, wadda ta kamu kuwa takan fito da baƙaƙen tabo a warwatse, kuma tun 2019 masana suka tsara ma'aunin lalacewar daga mataki na 0 zuwa na 3. Babu allura, babu yanka, babu tururin da hoton ƙashi ke da shi.

Tunda ana aiki da irin wannan na'ura a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, abin da ya fi muhimmanci shi ne likita ya tuna da cutar, mai ɗaukar hoton kuma ya ƙware wajen karanta wannan sashe na jiki. Amma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai suka fitar a 2016 ba su sanya shi ba. Ciwon sukari da wasu magungunan hawan jini da na mura suna busar da baki, cutar ƙanjamau kuma na iya sauya kamannin maɓuɓɓugan ta yadda za su rikitar da mai dubawa, don haka dole a haɗa hoton da tarihin mara lafiya da gwajin jini.

Cutar ba ta warkewa, amma ɗigon hawayen roba da kula da haƙora na rage wahalarta matuƙa. Kumburin gefen fuska da ya ƙi sacewa kuwa bai kamata a ɗauke shi a matsayin hangum ba, domin kaɗan daga cikin masu cutar kan kamu da wani nau'in sankara a waɗannan maɓuɓɓugai, kuma sikanin na taimakawa wajen nuna daidai inda za a ɗebi nama don gwaji.