IN NAMAN ZUCIYA YA YI KAURI, BA ƘARFI BA NE

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji akwai magidanta da ke tsayawa tsakiyar kunya lokacin noma, su dafe ƙirji. In sun huta kaɗan ciwon ya lafa. Sai a ce gajiya ce, ko iska. Sau da yawa zuciya ce ke kuka.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannu. Tana bugawa wajen sau 100.000 a kwana ɗaya. In mutum yana da hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo, tilas ta ƙara ƙarfi wajen tura jini. Shekara da shekaru tana haka, sai bangonta na hagu ya yi kauri, kamar dantsen maƙeri. Ga mai lafiya kaurin bangon wajen santimita 1 ne.

Amma kaurin dantse riba ne, na zuciya hasara ne. Naman da ya ƙaru yana son ƙarin jini. To, ita ma zuciya tana da ƴan jijiyoyin da ke ciyar da ita. In kitse ya toshe su, sun zama kamar magudanar lambu da yashi ya cike. Gona ta ƙaru, ruwa ya ragu! Shi ya sa wanda ya haɗa cutar biyu ya fi shiga hatsari. Numfashi yana yi mashi wuya, ƙafafu su kumbura, wani ma ya faɗi farat ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babba 1 cikin 3 yana da tansiyo, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ta ce gishirin kwana ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda. Dunƙulen magi gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura masu jego da ke yawan shan kunun kanwa suna kamuwa da ciwon zuciya. Taba kuwa ita ce babbar mai ɓata jijiya.

Awon tansiyo ba ya ɗaukar minti 5, kuma ana yin shi a gidan likita na karkara. In awo ya kai 14 bisa 9 sau da yawa, a fara magani. Ganin kaurin kansa sai an ɗauki hoton zuciya a babbar asibiti, kamar ta Maraɗi.

Wasu suna aje ƙwaya da sun ji sauƙi, ko in kuɗin gujiya sun ƙare. Wannan kuskure ne babba. Wanda ya riƙe maganinsa kullum, kaurin yana iya raguwa cikin watanni. Wanda ya bari, tansiyo ya komo. Ciwon ƙirjin da ya wuce minti 15, da zufa mai sanyi, ba ya jiran ranar kasuwa. A nemi mota nan take.